Shayin da Kombo Ya Kai Gona

Mijina Faki ba ya nan. Tsaninsa na hawan kanumfari yana jingine a bayan ɗaki, ba wanda ya taɓa shi tun ranar da aka kai shi makwancinsa.

Zazzaɓi ya kama shi a tsakiyar kakar kanumfari, lokacin da ba mai kwanciya a tsibirinmu na Pemba. Idan ka yi sati ba ka tsinka ba, furen ya buɗe, wahalar shekara ta tafi a banza. Faki kuwa tun da na aure shi ban taɓa ganin ya haɗiyi ƙwaya ba. Na sayo farasitamol a shagon unguwa, na miƙa masa biyu da ruwa.

"Mashavu, jariri kika mayar da ni? Ba wa kajinki, su ne masu mura."

Na daina roƙonsa. Na koma kula da cikinsa, don ba abin da yake iya sha sai kunu mai masoro. Sau huɗu nake damawa a yini, na rana ni nake kai masa gona da kaina.

A can na tarar da Kombo, ƙaninsa. Shekara biyu ba sa ga maciji da juna a kan itatuwa goma sha ɗaya da mahaifinsu ya bari a bakin iyaka. Sai ga shi zaune a gindin itacenmu da fulas ɗin shayi mai citta.

"Matar Yaya, wannan harara fa? Shayi na kawo, ba rabon gado ba."

"Yaushe ka fara son yayan naka?"

"Tun kafin a kawo ki gidanmu kina kuka."

Faki ya yi dariya, ya shanye. Ni ban yi ba. Na lura Kombo ba ya kurɓar shayin nan ko sau ɗaya. Na lura kuma sai ya juya mana baya kafin ya tsiyaya. Safe, rana da la'asar, bai taɓa fashi ba. Da na gaya wa Faki abin da nake zargi sai ya ce, "Kombo? Wanda ko kaza ba ya iya yankawa?"

Rana ta biyar ya fara amai. Ta shida ya riƙa dafe haƙarƙarinsa na dama. Ta takwas idanunsa suka koma kamar gwaiduwar ƙwai. Ta tara ya dube ni ya tambayi ko ni wace ce. Muka kai shi asibitin gari, bayan kwana biyu ya cika. Likita ya ce hantarsa ce ta ƙone, ya tambaye ni me yake sha a kwanakin nan. Na ce, "Shayin ƙaninsa."

Ranar sadakar uku na maimaita maganar daga cikin ɗaki, da ƙarfi, yadda mazan da ke tsakar gida za su ji. Kafin sati masu tsinka sun bar gonar Kombo. A masallaci, in ya tsaya a sahu sai a bar fili a gefensa.

Mai unguwa ya tara dattawa a gidanmu, ya kira Bi Raya, ma'aikaciyar jinya ta ƙauyenmu. Ni ina takaba, ina saurare daga bayan labule.

Kombo yana kuka ya ce, "Na sa abu a shayin, ba zan musa ba. Farasitamol ne. Biyu nake narkarwa a kowane kofi, sau uku. Yaya ba zai sha da saninsa ba, ni kuma ba zan iya kallonsa yana rawar sanyi a saman itace ba."

"Kun ji ko! Ya amsa da bakinsa!" in ji wani dattijo.

Bi Raya ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ƙwaya shida a yini ba ta kashe babban mutum, iyakarsa takwas. Maganin nan lafiya ƙalau yake in an tsaya inda aka ce. In aka ninka shi kwana da kwanaki, ga ciki ba abinci, to hanta yake ci a ɓoye, ba a ganewa sai ya gama ɓarna. In dai shi ne, akwai wanda yake ƙara masa bayan na Kombo. Wane ne?"

Aka tashi, rabin mutanen suna cewa Kombo ya rage lissafi ne don ya tsira. Har yau ba a gaishe shi a hanya.

Gobe zan aika a kira mini mai unguwa. Kafin nan, ku taya ni da addu'a. Allah ya ji ƙan Faki, ya haskaka kabarinsa. Allah ya wanke Kombo a idon jama'a, ya sanyaya zuciyarsa a kaina. Allah kuma ya gafarta wa hannun da ya riƙa daka ƙwaya uku a cikin kowane ƙoƙon kunu, ya mayar da su huɗu ranar da haƙarƙarin ya fara ciwo, domin hannuna ne. Ku ce amin.