Kunnen Baba

Ina 'yar shekara takwas, Turawa ba su tafi ba tukuna, Baba yana tuƙa a-kori-kurar wani ɗan kasuwa a Kawo. Wata rana bayan la'asar ya dawo da ita ƙofar gida, injin yana ƙas-ƙas-ƙas. Mai motar ya ce masa in ƙarar nan ta kwana, to ya ajiye makulli.

Baba ya buɗe injin, ya dafa bakin dogon sukudireba a jikin injin, ya kara kunne a ƙotar. Ya daɗe a haka, sannan ya kira ni.

"Zo, uwata. Saurara, ki gaya mini inda ya fi ƙara."

Ya ɗaga ni, na kara kunne. Ƙotar da ɗumi, tana warin baƙin mai. Ya yi ta matsar da bakin, a wuri na huɗu na ji bugun har cikin haƙorana.

"Nan ne, Baba!"

Ashe fulogi ne ya kwance. Ya kashe motar, ya ɗaure shi, ya sake tayarwa. Ƙarar ta ɗauke.

Yana goge hannu ya ce, "Kada ki gaya wa kowa kunnen babanki ya yi nauyi. Ba a ba kurma mota."

Ko Inna ban gaya wa ba. Baba ya daɗe da rasuwa, amma yau da na faɗa, sai nake jin kamar na ci amana.