Rarrafen Peculiar

Peculiar shekararta bakwai, amma ba ta iya zama a benci minti biyar. Ƙofa na bugawa sai ta zabura ta ware hannuwa kamar jaririn da aka ajiye ba shiri. Rubutunta ba ya bin layi. A ajinsu a Kwoi yara sun sa mata suna Fanka.

Wata rana malamarsu Mildred ta kira uwarta, Hulda, bayan an tashi.

"Mama Peculiar, ba taurin kai ke damun yarinyar nan ba. Akwai motsin da ake haihuwar jariri da shi, in ya girma jiki ya saki. Wasu yara yakan maƙale musu. An koya mana wani motsa jiki a kwas, wasu yana taimakonsu. Amma ku kai ta asibiti ma a duba."

Ta shimfiɗa zani a ƙasa ta nuna mata. Yarinya za ta kwanta rub da ciki ta ja jiki a hankali, hannun dama da ƙafar hagu, sannan ta canza. Bayan nan ta dunƙule, ta buɗe, ta sake dunƙulewa. Minti goma kullum.

"Ki yi wa babanta bayani," in ji malamar.

Hulda ba ta yi ba. Da wane baki za ta ce wa mijinta 'yarsa ta koma rarrafe? Sai ta riƙa jira Azariya ya tafi gonar citta, ta sa sakata, ta sauke labule. Cikin sati biyar Peculiar ta fara cika shafi guda ba ta tashi ba.

Wata Asabar hadari ya koro Azariya da wuri. Gidan tsit, kaji duk sun shige. Ƙofa a kulle da rana tsaka. Daga ciki wani abu na jan jiki a kan siminti, ya tsaya, ya ci gaba. Ya leƙa ta gefen labule.

'Yarsa ce ke tahowa wajen taga da ciki, kai a ɗage, ba ta ƙiftawa. Matarsa na durƙushe a bayanta riƙe da tafin ƙafarta, leɓenta na motsi ba murya. Ƙirge take yi. Shi bai sani ba.

Da aka buɗe ƙofa ya ce, "Tun yaushe?"

"Baba Peculiar, eksasais ne, motsa jiki. Ticha ce ta koya mana."

"In eksasais ne, me ya sa kin kulle ƙofa?"

Peculiar ta kama hannunsa. "Dadi, zo ka gani, na iya sosai."

Ya zare hannun. Ruwan sama na ɗaukewa ya ɗora ta a mashin zuwa wani gidan addu'a da ke bayan gari. Mai gidan ya dube ta sau ɗaya ya ce, "Ruhun maciji ne. Shi ya sa ba ya zama wuri ɗaya."

Mutanen gidan suka ɗaure mata ƙafafu da igiya, azumin kwana uku, ko ruwa babu. Suna kaɗa ƙararrawa a kunnenta. Duk lokacin da ta zabura sai su ce ga shi yana fitowa, su ƙara ƙarfi.

Rana ta huɗu aka dawo da ita. Inda aka ajiye ta nan take zama, hannu a kan cinya, ido a bango. Maƙwabta suka zo yin barka. Azariya ya yi murna kwana biyu. A na uku ya kira sunanta sau shida, tana kallonsa kamar babu kowa a wurin.

Malama Mildred ce ta tilasta aka kai ta asibiti a Kafanchan. Likita ya ce ƙishirwa ta taɓa mata ƙoda, sauran kuma tsoro ne, kuma ba shi da ranar da zai ce tsoron zai sake ta. Yau wata goma sha ɗaya ke nan Peculiar ba ta yi magana ba, ba ta koma makaranta ba.

Iyaye, yaron da ya kasa zama ko karatu ba ruhu ne a jikinsa ba, taimako yake nema. Abin da ake yi masa kada a ɓoye wa juna a gida, kuma abin da ba ku gane ba ku tambayi malami da likita kafin ku miƙa ɗanku ga mai igiya.