Bahagon da Ya Ɓoye wa Na'ura Hannunsa

Wani magini ne ya faɗo daga saman bene, wuyansa ya karye. Ya rayu, amma daga kafaɗa zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Matarsa ke ba shi abinci a baki. Ita ma girma ya kama ta, hannunta ya fara rawa. Duk lomar da ta kai masa sai ya bi hannun nan da kallo, yana tambayar kansa wa zai ɗauki cokalin ranar da ta kasa.

Ana nan sai likitocin wani babban asibiti suka sa shi cikin masu gwajin wata na'ura. Suka dasa masa ɗan abu kamar ƙwayar wake a ƙwaƙwalwa, suka ɗaura hannun ƙarfe a daman kujerarsa. Nasa kawai ya raya a ransa yana miƙa hannu, na'ura ta ji, ƙarfe ya miƙa. Ranar farko likita ta tambaye shi da wane hannu ya saba aiki. Ya ce, "Da dama mana, likita. Ɗan Musulmi da wanne zai ci abinci?"

Alhali bahago aka haife shi. Yana ƙarami, in ya kai hagu cikin akushi mahaifinsa ya tsula masa tsumagiya, kakarsa kuma ta ɗaure hannun da tsumma, har ya koyi dama. Ya koya ɗin kuwa, da ita ya yi gini har furfura, ko matarsa ba ta sani ba. Sai dai kullum hagu ce ke fara zabura a cikinsa, ya danne ta, sannan ya aiki dama. Idon mutum bai taɓa kama wannan ba. Na'ura ta kama. Umarni biyu take ji a jere, na biyu yana ƙaryata na farko, sai ƙarfen ya tashi, ya tsaya, ya hau ɓari, kunu ya ƙare a gaban rigarsa.

Likitoci suka gyara nan, suka gyara can, shiru. Matar ta ce, "Malam, ka daina jin nauyinsa. Ƙarfe ne fa, ba surukinka ba." Aka yi dariya, shi bai yi ba, don ya ji ana cewa in babu ci gaba za a kwance hannun a ba wanda ke bayansa a layi. Ya san inda gizo ke saƙa. Amma da wane baki zai faɗa, gaban likitocin da a haife ya haife su? Kuma in ya ci da hagun zuciya, ba cin Shaiɗan ya yi ba?

Safiyar gwajin ƙarshe kunu ya sake zubewa. Matar ta sa gefen mayafinta tana goge masa haɓa, ya ji yatsunta suna karkarwa a fatarsa fiye da jiya. Sai ya runtse ido, ya saki hagun da ya ɗaure tun yana yaro. Ƙarfen ya tashi sumul, ya kamfato kunu, ya kai bakinsa ko ɗigo bai faɗi ba.

Likita ta ce, "Baba, me ka canja?"

Kafin ya amsa sai da ya dubi ƙofa, kamar mai tsumagiya zai shigo, mutumin da ya daɗe a ƙasa. Sannan ya ce, "'Yata, ni bahago ne."

Matar ta riƙe haɓa. "Duk zaman nan, Malam?"

Likita ta ce da ya faɗa tun farko, da tuni yana cin abincinsa da kansa. Aka bar masa hannun. Har yanzu kafin ya ci sai ya saci kallon ƙarfen, ya tabbatar a dama yake, ya yi bisimilla, ya sake yi.

Kai ma in ka je neman magani, tuna da shi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.