Namijin da ke Dariya a Ɗakin Rekiya

Ranar da ruwa ya ƙi isowa layinsu karo na uku a wata guda, Maharazu ya tattara bututan ban-ruwansa ya ɗaure a bayan babur. Ya zagi kanal, ya zagi ciyawar da ta toshe shi, ya zagi tumatirin da ya fara langaɓewa, sannan ya kamo hanyar gida tun da hantsi. Mutanen Kura sun san halinsa. In suka hango shi da wannan fuskar, gaisuwar ma sai su bar ta sai gobe.

Babu wanda ya riƙe ranar da ya fara fushi. Wasu sun ce tun shekarar da tsutsa ta cinye masa gona, wasu sun ce haka kawai ya wayi gari. Abin da kowa ya sani shi ne igiya biyu ta aurensa da Rekiya a kan fushi suka tsinke, ɗaya a kan gishirin miya, ɗaya a kan akuyar maƙwabta. Saura ɗaya tal. Ko watan jiya da aka kawo akwatin yayarsa Tambaya, wadda ta rasu a Jidda bayan shekara ashirin tana aikatau, bai ko buɗe shi ba. Ya tura shi ɗakin Rekiya, ya ce shi ban-ruwa ne a gabansa.

Yana jingine babur a zaure ya ji dariya. Dariyar namiji, daga ɗakin matarsa.

Ya tsaya cak. Irin dariyar da ya fi tsana ce a duniya, ta mutumin da bai san ana wahala ba. Mai ita har tari yake yi, yana buga wani abu kamar kwano, yana fara magana dariya na katse shi. Sakaran banza! Can kuma sai muryar Rekiya ta bi, tana ƙyaƙyatawa kamar yarinya. Shekara nawa rabon da ya ji ta haka? Jininsa ya tafasa. Ya fizgi icen da ke bakin murhu, ya yaye labule.

Ita kaɗai ce. Faifan shinkafa a cinya, hawayen dariya a kunci, ga tsohuwar rikodarta a gefe. Ta yi maza ta danne ta.

"Wane ne wannan?"

"Wani ne, Malam."

"Wani wa?"

"Wani da na sani. Na daɗe ban gan shi ba." Ta goge ido da bakin zane. "In ka fita gona nake sakawa, in ɗan ji sanyi a raina. Ka zauna ka ji shi tun daga farko, ai kaset ɗin…"

"Rufe mini baki!"

Ta rufe. Dama Maharazu bai taɓa barin kowa ya kai ƙarshen magana ba, balle yau. Ya zare kaset ɗin ya jefa a aljihu. Shi ba zai ɓata kunnensa da shi a gidansa ba, a gaban shaida za a ji. Ya ce ta ɗauko mayafi.

Ya ɗauke ta a babur, suka nufi Bunkure wajen waliyyinta. A gefen hanya mata na yanka tumatir suna shanyawa, ana hira ana shewa, wani tsoho ya miƙe ƙafa cikin ruwan kanal yana shan rake. Duk suka ƙara masa haushi. Wai me mutanen nan suka samu da har suke murna? Shi yana can rana na gasa shi, matarsa na nan tana jin sanyi a rai da muryar wani ƙato.

Malam Abdulsamad, yayan Rekiya kuma waliyyinta, ya tashi ɗaliban Islamiyyarsa ke nan sai ga su. Maharazu ko zama bai gama yi ba ya zazzage labari, ya ajiye kaset a kan buzu, ya fiddo takarda da biro.

Malam ya dubi ƙanwarsa. Ita kuwa ƙasa take kallo.

"Maharazu, ka san wannan ce ta ƙarshe. In ka rubuta, ni kaina ba ni da ikon mayar maka da ita."

"Na sani, Malam. A saka kowa ya ji, don kada gobe a ce na zalunce ta."

Malam ya jawo rikodar da yake sauraron tafsiri da ita. Batir ya yi sanyi, don haka ya karɓi biron daga hannun Maharazu, ya zura a ramin kaset, ya yi ta juyawa har zaren ya koma farko. Ya mayar masa da bironsa. Maharazu ya ɗora bakin biron a kan takarda.

Kaset ya yi ta huci, tsufa ya sa zaren yana ja. Zakara ya yi cara a ciki. Sai wata siririyar murya ta ce, "Ya fara ɗauka?" Rekiya ce, ko a mafarki ba zai kasa gane muryarta ba. Ashe ma tare suke! Ya danna biro har ya huda takarda. Namijin ya sake fashewa da wannan dariyar, ya yi tari, ya yi gyaran murya, da ƙyar ya samu ya ce:

"Salamu alaikum, Yaya Tambaya. Ni ne ƙanenki Maharazu daga nan Kura, ga amaryata kusa da ni, wallahi ta hana ni magana don dariya."