Mazaunin Taya

Tartsatsi ya sauke guduma a kan ƙarfen da ƙarfin da ya sa mai facin da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya ga ko wani ake duka. Ba don walda kaɗai aka laƙaba masa wannan suna ba. Tun da aka sace masa babur kuwa, ko gaisuwa sai an auna kafin a yi masa.

Ƙaninsa, wanda tela ne, shi ya ara zai kai ɗinki, ya dawo a ƙafa da makulli a hannu, yana rantsuwa ya kulle wuyan babur ɗin kafin ya shiga gidan. Tartsatsi ya ce a gaya wa wanda bai san ƙarfe ba. Babur ɗin da aka kulle wa wuya, kansa a karkace yake, in ka tura shi zagaye kawai zai yi ta yi a wuri ɗaya. Ko dai ya bar shi a buɗe, ko da shi aka haɗa baki. A ranar ya fitar masa da keken ɗinki daga ɗakin zaure, a gaban mahaifiyarsu.

Yau motar wani dillali ce a gabansa, rufaffiya, babu taga ko ɗaya a bayanta. Mutumin ya ce babura yake saye yana kai wa 'yan kasuwar ƙauye. Wannan ce ta biyu da ya kawo. Ta farkon ma Tartsatsi ne ya shirya masa cikinta don ɗaukar babura, tun yana da babur ɗinsa da fara'arsa.

Ya shimfiɗa katako a ƙasan motar, ya ɗaure da noti. Ya liƙa zobban ƙarfe a kusurwoyi don igiyar ɗauri, ya kafa kanta ta hular kwano da akwatin sifana. Gadar da za a riƙa turo babur a kai ya lulluɓe ta da robar tsohuwar taya, don dillali ya ce ƙarar ƙarfe na sa masa ciwon kai. Akwai kuma ɗan faranti mai ƙananan tayoyin roba da ake ɗora tayar gaba a kai, wai saboda babur ɗin da ya yi faci.

Duk wannan bai dame shi ba. Mazaunin tayar gaba ne ke ƙona masa rai. Kowane mai hankali a miƙe yake yinsa, amma dillali ya nace sai an karkatar da shi hagu, wai don kada kahonnin babura su riƙa karo da juna. Tartsatsi ya tsani karkataccen aiki kamar yadda ya tsani ƙarya. Ya yanka, ya liƙa, yana tsaki.

Wayarsa ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce.

"Ɗan'uwanka ya ɗaure kayansa, motar yamma zai bi. Ya ce ba zai zauna a garin da yayansa ke kiransa ɓarawo ba. Ka zo ka ce masa wani abu."

"Inna, Allah ya kiyaye hanya. Aiki nake yi."

Ya kife wayar a kan benci. Ransa ya ɓaci har sai da ya ɓata sandar walda a banza. Shi aka cuta, kuma shi ake so ya je ya ba da haƙuri. Ko dillali da ya ji labarin cewa ya yi ɗan'uwa sai haƙuri, ɓarawon gida ai ya fi na waje iya ɓarna. Bare ma ya gane, amma uwar da ta haife shi ta kasa.

Rana ta yi sanyi ya gama. Ba ya sakin aiki sai ya gwada, ko da mai shi na tsaye yana kuka, ga shi dillali ya kusa zuwa. Da a da ne nasa babur ɗin zai tura ciki. Wannan tunanin ya ƙara tunzura shi.

Ya leƙa wajen mai faci. Mutumin ya tafi sayo gam, ya bar babur ɗinsa a jikin bango, ya kulle wuya ya tafi da makulli. Tartsatsi ya girgiza kahon, ya zagi rowar mutane. Sai idonsa ya faɗa kan farantin nan. Ya cusa shi ƙarƙashin tayar gaba don kawai ya huce haushi, ya tura.

Babur ɗin ya tafi sumul, ya haye gadar ba tare da ko ƙwas ba. Wayar ta sake ƙara a kan benci, ta gaji ta yi shiru. Can bakin titi motar yamma ta danna hon ta wuce.

Tayar ta zame daga faranti ta faɗa mazauninta, ta zauna daram kamar a jikinta aka auna. Tartsatsi ya tsaya riƙe da kahon. Ba don kahonni aka karkatar da wurin ba. An auna shi ne daidai da babur ɗin da aka kulle wa wuya, makullinsa na aljihun mai shi, kuma motar farko da ya yi wa irin wannan aikin da hannunsa tana yawo a gari tun kafin nasa ya ɓata.