Mai Lambu da Rumanar Ƙarshe

Kai da kake cewa in dai niyya ta yi kyau aiki ya yi kyau, gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai lambu.

Tumatir da latas yake nomawa a bakin wata fadama, mutum ne mai albarkar hannu, abin da ya dasa ba ya ƙi. Lokacin yana yaro, da damina ta kankama rumana ce ke rufe fadamar nan. Tsiro ne mai dogon ganye siriri, furensa ja da ratsin ɗorawa, a ƙarƙashin ƙasa kuma yana da ɗan curi kamar albasa. Da wannan curin mahaifiyarsa ke tsayar musu da atuni, ta daka ta dama musu a kunu. To, ka dai san halin mutane. Masu shinkafa suka shigo da garma, masu feshin ciyawa suka biyo baya, masu tono suka kwashe ragowar buhu-buhu zuwa kasuwa, ba mai tunanin barin iri. Kafin gemunsa ya yi furfura, rumana ta koma tushe bakwai rak, a gindin wani suri da ke gefen lambunsa. Wata shekara ma'aikatan gandun daji suka zaga fadamun yankin kaf, suka dawo suka ce masa babu ita ko'ina sai nan, in waɗannan bakwai suka tafi, to ta tafi ke nan. Maganar ta tsaya masa a rai. Washegari ya saro ƙaya ya kewaye su, ko ɗan akuya bai isa ya leƙa ba. Wallahi da nan ya tsaya, da ya gama aikin lada.

Sai kaka ta yi, ruwa ya ɗauke, ganyen rumana ya soma yin rawaya yana kwantawa. Haka take yi kowace shekara tun da Allah ya halicce ta, shi ne dai bai taɓa tsayawa ya lura ba. Mai lambu kuwa in ya ga ganye ya yi yaushi, abu ɗaya ya sani, ƙishirwa. Hankalinsa ya tashi. Ya yi mata fangali, ya ja hanyar ruwa daga injinsa har gindin surin, ya zuba mata takin awaki mai kyau wanda ya hana latas ɗinsa. Duk ranar ban ruwa ita ce farko, tumatir ya jira. Wata tsohuwa mai tsintar itace ta zo wucewa, ta ga laka male-male a cikin shingen, ta riƙe baki.

"Ɗan nan, rumana ba ta shan ruwan rani. Kwana take yi a busasshiyar ƙasa, bar ta."

Ya ce, "To, Inna," don girmanta. Amma a ransa cewa ya yi, ai barin da kowa ya yi mata shi ya kawo ta nan. Ni kam ban ga laifinsa sosai ba. Wanda ya ga fadama guda ta koma tushe bakwai a kan idonsa, yaya za a yi ya naɗe hannu yana kallon ganyen ƙarshe na bushewa? Ya ci gaba da ba ta ruwa wata biyar cur, ko ranar da zazzaɓi ya kayar da shi sai da ya lallaɓa ya buɗe mata.

Ruwan farko ya sauka. Ƙasa ta yi ƙamshi, ciyawa ta tsiro ko'ina, har a kan surin. Cikin shinge shiru. Ya ba ta kwana goma, ya ƙara goma, kullum da sassafe yana tsugune yana duba ƙasa. Ranar da haƙuri ya ƙare bai yarda ya sa fartanya ba, kada ya ji mata ciwo, da hannu ya tona. Yatsunsa suka nutse cikin wani abu baƙi mai laushi, wari ya bugo shi. Ya tona na biyu, haka. Yana tono yana salati har ya kai na bakwai, kowanne ya ruɓe ya zama taɓo. Kaico! Garma ta bar su, feshi ya tsallake su, masu tono ba su gan su ba, sai ruwan da ya yi ta ɗura musu don ƙauna shi ya kashe su. Ya zauna daɓas a cikin lakar, dattijo da gemunsa, hawaye na zuba, ba wanda zai kai ƙara.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.