Ƙyallen Sandar Baba

Ina yaro, Baba yana buga hoki a ƙungiyar wani attajiri a unguwar Mokola. Da albashi ya ƙi fitowa, shi da abokan wasansa suka ƙi shiga fili. Wata rana da azahar sai ga attajirin a ƙofar gidanmu a Sabo, wai a ba shi sandarsa ta hoki.

Ya ce, "Garba, sandar nan tawa ce. Gobe wani zai riƙe ta a kan rabin kuɗinka."

Baba ya ɗauko sandar. Mariƙin sandar naɗe yake da ƙyallen tsohon zanen Inna, gumi ya mayar da shi baƙi. Ya zauna yana warware shi a hankali, mutumin na tsaye cikin rana, maƙwabta na kallo. Sannan ya miƙa masa sandar.

"Ga taka, Oga. Gumin nawa ne."

Baba bai sake shiga fili ba. Ƙyallen yana wurina, ban taɓa wanke shi ba. Attajirin ya tsufa, ya tsiyace. Duk sanda ya zo shagona, da gangan nake barinsa tsaye a rana. Baba ya yafe masa kafin ya rasu. Ni ban yafe ba.